Musa Ɗanƙwairo

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun (wajen 1909 zuwa 1991) makaɗin fada ne na Hausa. An haife shi a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, a jihar Zamfara ta yanzu. Ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa, Usman Ɗankwanda. Ya fara da kiɗan noma, daga baya ya koma kiɗan sarauta da kotso.

Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Raba, waƙoƙi, ciki har da Mai Dubun Nasara. Bayan kisan Sardauna a 1966, ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Waƙoƙinsa na baka ne, yakan ƙara ɗiyan waƙa ko ya sauya su gwargwadon taro, 'yan amshi suna karɓa. 'Ya'yansa sun gaje shi.