LADI KWALI: MAGINIYAR DA TUKWANENTA SUKA RIGA TA ZAGA DUNIYA

Duk ɗan Arewa da ke cin kasuwa a Ikko ko Badun ya taɓa riƙe hoton wannan baiwar Allah. Ita ce matar nan da ke bayan takardar Naira 20 tun shekarar 2007, tana ginin randa. Sunanta Ladi Kwali, kuma a Minna ta Jihar Neja ta rasu ran 12 ga Agusta, 1984.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana yarinya ta koya. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana zagaya randar har ta tashi. Sa'an nan ta zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara randunanta a fada. A nan wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. Shi ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

Sana'ar nan tana koya wa mai ita rabuwa da abin hannunsa. Maginiya takan yi kwanaki a kan randa guda, amma da zarar an sa ta a wuta, to, ta fita daga ikonta. Wata ta fito lafiya, wata ta tsage. Wadda ta tsira ma ba ta zama wurinta, mai saye ne zai tafi da ita. Randar gargajiya kuwa takan sanyaya ruwa shekaru, ta fashe, ta koma ƙasar da aka ɗebo ta, kamar ɗan Adam.

A makarantar, sai aka riƙa shafa wa randunanta sinadarin ƙyalli, ana gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Suka yi ƙarfi kamar dutse, amma suka yi nauyi, kuma suka daina sanyaya ruwa. Suka tashi daga kayan ɗaka suka zama kayan kallo. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zaga Amurka tana nuna yadda ake gini da hannu.

Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ko da yake ba ta yi karatun boko ba. Cardew ya rasu a 1983, ita kuma ta bi shi shekara guda bayansa.

Ba ta bar littafi ba. Abin da ta bari shi ne randunan da ke gidajen tarihi na Ingila da Amurka, da makarantar Suleja da aka sa wa sunanta, da matan da suka biyo sawunta a can. Hannun da ya gina su ya koma ƙasa, aikin kuwa yana nan. Wanda ya bar gida don neman abinci sai ya duba abin da zai bari a bayansa.