Harold Black, injiniyan da ya tsabtace muryar ampili

A kasuwar Dole ta Damagaram, mai sayen ampili wat nawa yake fara tambaya. Amma na'urar da ta cika ƙara, murya kuma na fita a dagule, ba ta biya buƙata ba. Wannan matsala ce Harold Stephen Black ya yi shekaru yana fama da ita.

An haife shi a garin Leominster na jihar Massachusetts a Amurka a 1898. Da ya gama karatun injiniyan lantarki a 1921 ya kama aiki a kamfanin Western Electric, daga bisani ya koma Bell Labs. A lokacin, kiran tarho mai nisa sai ya bi ta na'urorin ƙara ƙarfin murya masu yawa da aka jera a kan layi. Kowace na ƙara ƙarfi, kowace kuma na ƙara ɗan gurɓata, har magana ta isa a lalace.

A watan Agustan 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa aiki, dabara ta faɗo masa. Ya zana ta a shafin jaridar New York Times da ke hannunsa. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan daga abin da ampili ya fitar, a juya shi, a mayar ta mashiga, ya riƙa soke kuskuren da na'urar ta yi. Akwai asara a ciki, don ninkin da ampili ke wa sauti yana raguwa. Sai dai in aka sadaukar da ninki ɗari, gurɓatar ma kusan ninki ɗari take raguwa. Wat ba ya ƙaruwa ko ɗaya, murya ce ke fita tas.

Ofishin rajistar ƙirƙira bai yarda da wuri ba, kuma da ɗan dalilinsa: kowa ya san sautin da ya koma mashiga yakan sa na'ura kuka, irin na lasifikar da aka kusanto da makirfo. Abokin aikinsa Harry Nyquist ne ya fitar da lissafin kauce wa wannan kuka a 1932. Black ya nemi rajista a 1928, bai samu ba sai 1937.

Ya rasu a 1983 a jihar New Jersey, yana da shekara 85.