Tarihin Nicolas Rolin, Wazirin Da Ya Shimfiɗa Tambarinsa A Kan Gadon Talakawa

Za mu leƙa ƙasar Faransa ta shekaru kusan 600 da suka wuce, domin mu kawo muku tarihin wani mutum mai suna Nicolas Rolin. Ba ɗan sarauta ba ne, amma ya riƙe ragamar wata babbar daula har shekara 40, ya tara dukiya mai yawa, ya kuma sha zargi a bakin mutanen zamaninsa. Abin da ya sa har yau ake ambatonsa shi ne wani asibiti da ya gina, da wasu dardumai masu ɗauke da tambarin gidansa da aka saƙa domin lulluɓe gadajen marasa lafiya.

An haifi Rolin wajen shekarar 1376 a garin Autun, cikin yankin Burgundi da ke gabashin Faransa. Iyayensa masu rufin asiri ne na cikin gari, ba su da jinin sarauta. Ya karanta shari'a, ya zama lauya a birnin Paris, inda ya riƙa tsaya wa sarkin Burgundi na lokacin, wanda ake yi wa laƙabi da Jean Marar Tsoro, a gaban babbar kotu. A wancan zamani Burgundi tana da nata mai mulki, kuma ƙasarsa ta haɗa da manyan garuruwan kasuwanci da ke cikin Beljiyam da Holan na yanzu, har ya kasance yana gogayya da sarkin Faransa kansa a wajen arziki.

A shekarar 1419 aka kashe Jean a kan gadar Montereau, a wajen wata ganawa da magajin sarautar Faransa. Ɗansa Filif, wanda ake kira Filif Nagari, ya gaje shi, kuma Rolin ne ya gabatar da ƙarar waɗanda suka yi kisan a Paris a 1420. Bayan shekara biyu, wato a 1422, Filif ya naɗa shi waziri, ya damƙa masa hatimin mulki da sha'anin shari'a da na kuɗi. Saboda fushin kisan, Burgundi ta haɗa kai da Ingila a dogon yaƙin nan da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari. A cikin wannan ƙawance ne sojojin Burgundi suka kama shahararriyar jarumar Faransa, Jeanne d'Arc, a 1430, aka miƙa ta ga Turawan Ingila.

Babban aikin siyasar Rolin shi ne sulhun garin Arras na 1435, wanda ya raba Burgundi da Ingila, ya sasanta Filif da Sarki Charles na Bakwai na Faransa. Filif ya samu garuruwa da dama a cikin yarjejeniyar. Shi ma wazirin bai tashi hannu banza ba, domin masana tarihi sun gano cewa ya karɓi kuɗi daga ɓangaren Faransa. Marubutan fadar sun bayyana shi a matsayin mutum mai kaifin basira, amma mai tsananin son abin duniya, wanda ya yi ta sayen gidaje da filaye. Wajen wannan lokaci ne mai zane Jan van Eyck ya zana hotonsa a durƙushe yana addu'a, sanye da tufafi masu zaren zinari. Hoton yana gidan tarihi na Louvre a Paris, kuma da aka haska shi da na'urar zamani sai aka ga ashe da farko an zana jakar kuɗi a ƙugunsa, daga baya aka shafe ta.

To amma sulhun manya bai kawo wa talaka sauƙi ba. Sojojin hayar da aka sallama sun bazu cikin ƙauyuka suna fashi da ƙone-ƙone, har aka laƙaba musu suna masu fiɗa, ga yunwa ga annoba. A cikin wannan hali ne, ranar 4 ga Agusta 1443, Rolin da matarsa ta uku, Guigone de Salins, suka kafa asibitin talakawa a garin Beaune. Ya ware masa kuɗin shiga na kowace shekara daga ma'aikatar gishiri ta garin Salins, domin kada aikin ya mutu da mutuwarsa. An karɓi majinyaci na farko ranar 1 ga Janairu 1452, sannan a 1459 aka tsara ƙungiyar mata masu jinya da za su kula da wurin. Babban ɗakin talakawa tsawonsa mita 50 ne, faɗinsa mita 14, gadaje jere a gefe biyu, kuma akan kwantar da mutum biyu a gado guda.

A nan ne maganar darduma ta shigo. A Turai ta wancan zamani, dardumar bango ita ce kan gaba a kayan alfarmar manyan gidaje. Tana hana sanyin bangon dutse, ana iya naɗe ta a ɗora wa doki idan maigida zai yi tafiya, sannan tana sanar da baƙo gidan wa ya shigo. Kowane babban gida yana da tambarinsa, wato wata alama mai siffar garkuwa da launuka na musamman, wadda ake gado daga uba zuwa ɗa. Ko wanda bai iya karatu ba yana iya karanta tambari. Idan an yi aure akan raba garkuwar biyu, rabi na miji, rabi na gidan su matar.

Saƙar kuwa aiki ne na haƙuri. Mai zane zai fara zana hoton da girmansa, sannan masaƙa su ɗaura zaren tsaye a jikin masaƙa, su riƙa cusa zaren ulu mai launi a kwance, ɗan yanki bayan ɗan yanki, har sai ya rufe zaren tsayen gaba ɗaya. Daga bayan dardumar suke aiki. Launukan daga tsirrai ake samo su: ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga wani, shuɗi kuma daga wani ganye mai aiki irin na baba. Masaƙi ɗaya kan shafe wata guda kafin ya gama kimanin murabba'in mita guda, idan kuma an sa siliki da zaren zinari aikin ya fi haka jinkiri da tsada. Manyan garuruwan wannan sana'a su ne Arras da Tournai da Brussels, har sunan Arras ya zama sunan dardumar bango a harsunan Ingilishi da Italiyanci.

Dardumai na asibitin Beaune jajaye ne. An watsa musu hoton kurciyoyi zaune a kan reshe, da haruffan N da G a sarƙe, wato farkon sunan miji da na mata. Akwai kuma taken Rolin, kalma guda ta tsohon Faransanci mai nufin ita kaɗai, tare da hoton tauraruwa, abin da ake fassarawa da cewa Guigone ce tauraruwarsa tilo. A kan garkuwar akwai mabuɗan zinari na gidan Rolin da hasumiyar gidan Salins. An tanadi kimanin 30 daga cikinsu, kuma a ranakun manyan bukukuwa akan shimfiɗa su a kan gadajen majinyata. Kayan da aka saba gani a fadar sarakuna, sai ga shi a jikin almajiri da manomin da yaƙi ya kora daga gonarsa.

Mai karatu zai iya tambaya, shin tausayi ne ko neman suna? Tun a zamaninsa an yi wannan tambaya. Ana ba da labari cewa Sarki Louis na Sha Ɗaya ya yi masa shaguɓe, yana nuna ai ya dace wanda ya talauta mutane da yawa ya gina musu wurin kwanciya. Shi kansa Rolin bai ɓoye cewa yana neman tsira ga ransa ba, kuma a ɗakin ibadar asibitin ya sa Rogier van der Weyden ya zana babban hoton ranar hisabi, inda mala'ika ke riƙe da ma'auni yana auna rayuka. Majinyata na iya hango shi daga kan gadajensu.

Ƙarshen mulkinsa bai zo da daɗi ba. A 1457 rikici ya ɓarke tsakanin Filif da ɗansa Charles a kan wani muƙami na fada da ake takara tsakanin ɗan Rolin da wani ɗan gidan Croy, abokan hamayyarsa. Daga nan tasirinsa ya ragu, ko da yake bai rasa muƙaminsa ba. Ya rasu a Autun ranar 18 ga Janairu 1462, yana da shekara 85 ko sama da haka. Guigone ta koma Beaune ta ci gaba da kula da asibitin har ta rasu a 1470, aka binne ta a can.

Abin lura shi ne yadda kayan kowa suka ƙare. Filif ya sa an saƙa masa wata ƙasaitacciyar darduma mai tambarinsa a tsakiyar dubban furanni a 1466. Bayan shekara 10 kacal, sojojin Siwizalan suka kwashe ta ganima a yaƙin Grandson daga sansanin ɗansa Charles, kuma yau tana gidan tarihi na birnin Bern. Charles ya mutu a fagen fama a 1477, sarkin Faransa ya karɓe Burgundi. Cocin da aka binne Rolin a Autun ma an rushe shi a lokacin juyin juya halin Faransa.

Amma asibitin Beaune ya ci gaba da karɓar marasa lafiya a tsohon gininsa har zuwa 1971, lokacin da aka koma sabon gini, aka mai da tsohon gidan tarihi. Gonakin inabin da masu hali suka riƙa ba shi kyauta sun kai kimanin hekta 60, kuma tun 1859 ake gwanjon giyar inabin da ake samu daga gare su, kuɗin na tafiya ga aikin asibiti. Wasu daga cikin jajayen dardumai na nan a wurin, da kurciyoyinsu da mabuɗansu.

Mu da muka daɗe da zama a garuruwan da kakanninmu suka zo baƙunci, muna da attajirai da masu faɗa a ji, kuma kowa na son a tuna da shi. Rolin mutum ne mai laifi da alheri, ya mallaki gidaje da filaye masu yawa, amma inda sunansa ya fi daɗewa shi ne inda ya shimfiɗa shi a kan gadon wanda ba shi da kowa, ya kuma tanadar wa aikin hanyar samun kuɗi ta dindindin.