Roger Williams: Faston da Kotun Kiristoci ta Kora

A watan Oktoba na 1635, babbar kotun Massachusetts, a ƙasar da muke kira Amurka yau, ta yanke wa wani fasto hukuncin kora. Alƙalan duka Kiristoci ne masu karatun Littafi Mai Tsarki, waɗanda su ma tsanani ne ya raba su da Ingila. Sunan faston Roger Williams.

An haife shi a Landan wajen 1603. Yana saurayi, babban masanin shari'a Edward Coke ya ɗauke shi yana rubuta abin da ake faɗa a kotu, don haka ya san ikon alƙali tun da wuri. Ya yi karatu a Cambridge, ya shiga hidima, ya iso Boston da matarsa a Fabrairu 1631.

Mene ne laifinsa? Ya koyar cewa sarkin Ingila ba shi da ikon ba da ƙasar 'yan asalin wurin kyauta, sai an saya daga hannunsu. Amma abin da ya fi ɓata wa shugabanni rai shi ne koyarwarsa a kan Dokoki Goma. A ganinsa, hukuma tana da takobi a kan kisankai, sata da shaidar zur, gama waɗannan tsakanin mutum da maƙwabcinsa ne. Dokoki huɗu na farko kuwa, na sujada, sunan Allah da ranar hutu, tsakanin mutum da Mahaliccinsa suke. Alƙali yana iya tilasta wa ƙafa ta shiga majami'a, amma munafuki zai samar, ba mai bi ba. Ya dogara ga misalin alkama da ciyawa cikin Matiyu 13: gonar ita ce duniya, rarrabewa kuwa sai ranar girbi.

A Janairu 1636 aka aiki mutane su sa shi a jirgin ruwa zuwa Ingila, suka tarar ya riga ya fita cikin dusar ƙanƙara. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ba masu bi ba ne, su suka ba shi abinci da makwanci. A ƙasar da sarakunan Narragansett suka ba shi ya kafa gari, ya kira shi Providence, wato tanadin Allah. Mazauna suka yarda cewa ikon hukuma ya tsaya ga al'amuran zaman gari kaɗai. A 1638 suka hana wani mutum ikon jefa ƙuri'a domin ya tauye wa matarsa 'yancin zuwa sujada.

Kada mu ɗauka sanyin bangaskiya ne ya kai shi nan. A 1644 ya kwatanta ikkilisiya da lambu, duniya kuma da jeji, da shinge a tsakani. Damuwarsa lambun ne, kada jeji ya cinye shi. A shekarar nan Majalisar Ingila ta sa aka ƙone littafinsa a kan tsananta wa mutane saboda lamiri. Thomas Jefferson ya yi irin wannan kwatanci na katanga cikin wasiƙarsa ga Baftis na Danbury a 1802, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ɗauko kalmomin Jefferson a shari'ar Everson ta 1947, kan kuɗin motar yara masu zuwa makarantun Katolika. Amma fasto ne ya riga ɗan siyasa.

Mu da muka san wahalar neman filin gina majami'a, wannan koyarwa tana yi mana daɗin ji. Gwajinta yana zuwa ne ranar da wanda ba mu yarda da shi ba ya nemi mafaka. Ga Williams, 'yan ɗarikar Kweka ne. Ya gaskata koyarwarsu ɓata ce ƙwarai. Duk da haka, da maƙwabta suka matsa a 1657 a kore su, yankin da ya kafa, Rhode Island, ya ƙi. A Boston kuwa an rataye Mary Dyer, 'yar Kweka, a 1660.

A 1672, yana wajen shekara 70, ya tuƙa kwalekwale da hannunsa kimanin mil 30 zuwa Newport, ya yi kwana uku yana muhawara da su daga Nassi. Ba su rinjaye shi ba, shi ma bai juyo da su ba, kowa ya koma gidansa lafiya.

A yaƙin 1676 tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar aka ƙone Providence har da gidansa. Ya rasu a 1683, aka binne shi a filinsa.