Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da Ya Ga Masallaci a Zuci Kafin Ya Kwaɓa Ƙasa

Duk ɗan Ƙofar Gayan da ya tashi a cikin ganuwa ya san hanyar da ke kai mutum fada ranar Juma'a, ya kuma san babban masallacin da ke dab da gidan Sarki. Amma kaɗan ne daga cikin 'ya'yanmu mazauna Kaduna da Abuja da Ikko za su iya faɗin sunan wanda ya gina shi tun asali. Saboda haka a fitowar bana muka ga ya dace mu tuna da wannan bawan Allah, Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, jama'a kuma suka fi sani da Babban Gwani.

Durugu ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da ƙurar jihadi ta lafa, sarakuna suka shiga neman masu gina musu masallatai da fadoji. Tarihin baka ya nuna cewa daga Sakkwato aka ba shi laƙabin Babban Gwani, wato wanda ya fi kowa a cikin magina. A Zariya ya zauna, kuma har yau akwai unguwa a cikin birni da ke amsa wannan suna. Babban aikinsa ya zo ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na farko daga gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Shi ne ya ɗora masa nauyin gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830.

Kafin mu gane girman aikin, sai mun dubi abin da ke hannunsa: ƙasa, tubali, igiya da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara kuwa tana da iyaka, domin idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa. To yaya za a rufe fili mai faɗin da zai ɗauki sahu-sahun masallata da itacen da bai kai ba? Amsar magina ita ce bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi tana ɗan karkata ciki, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara karkata. Haka ake yi daga ɓangarori biyu, hawa bayan hawa, har su haɗu a tsakiya. Idan aka gicciya bakuna biyu sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Durugu ya gaji wannan fasaha, amma shi ne ya kai ta inda ba ta taɓa kaiwa ba, ya jera tulluwa kusa da tulluwa a kan manyan ginshiƙai, ya ƙawata su da zane mai kauri.

A nan ne abin lura yake. Maginin gargajiya a ƙasa yake shata gini da ƙafarsa, ya auna da taki da kamu da gaba. Ba ya riƙe da zane a takarda. Duk da haka, tun ranar da aka kafa azarar farko dole ya san inda ta ƙarshe za ta faɗa, makonni kafin ido ya gani. Kuskuren taƙi ɗaya a gindi yana iya hana bakan haɗuwa a sama. Ke nan masallacin ya kammala a zuciyar Durugu tun kafin a kwaɓa ƙasa.

Mu da muka yi shekaru muna koyar da lissafi da alli da allo mun san cewa wannan tsohuwar tambaya ce a wurin masana. Uklidis, wanda ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina ilmin handasa, wato sanin siffofi da awonsu, a kan 'yan ƙa'idojin da hankali ke karɓa ba tare da gwaji ba. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. Daga baya, a 1781, Bajamushe Immanuel Kant ya kawo hujja cewa sanin sarari, wato faɗi da tsawo da zurfi, yana cikin ƙirar hankalin ɗan Adam tun kafin ya fara gani da taɓawa. Wasu masana sun saɓa masa, suna ganin daga gogayya da abubuwa ake samunsa. Magininmu yana da abin da zai nuna wa ɓangarorin biyu. Idan ya kafa turke ya zagaya da igiya don shata zaure, ya san ko'ina a da'irar nisansa ɗaya da turken, ba sai ya bi yana aunawa ba. Wannan aikin hankali ne. Amma sanin nauyin da azara za ta ɗauka, da ranar da ƙasa ta bushe har a ɗora wata, sai wanda ya daɗe yana miƙa tubali. Haɗuwar biyun ce ta sa aka kira shi gwani.

Sunansa ya wuce Zazzau. Ana danganta masa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Saboda mamakin aikinsa, mutane suka riƙa cewa da dare yake gini shi kaɗai. Game da ƙarshensa kuwa, labarin da kakanni suka bar mana shi ne a Birnin Gwari ajali ya same shi, inda aka kashe shi bayan ya gama wani gini, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi.

A shekarun 1970 aka yi sabon ginin siminti ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon masallacin. Allah ya sa kafin nan masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Abin kunya ne a ce sai ɗan Zariya ya je Jos kafin ya ga siffar gadon gidansu.

'Yan'uwa, tsofaffin magina da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, kuma duk wanda ya tafi da ilminsa yake tafiya. Muna roƙon ƙungiya ta nemi waɗanda suka rage, a rubuta abin da suka sani, a ɗauki hoton aikinsu. Ku kuma idan kun zo gida hutun Sallah, ku kama hannun yaranku ku shiga da su masallacin, ku sa su ɗaga kai su dubi bakan gizo, ku faɗa musu sunan mai aikin. Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya sa aikinsa ya zame masa sadaka mai gudana, amin.