Abraham Lincoln: Mai Kantin Da Ya Karye, Ya Zama Shugaban Da Amurkawa Suka Fi Yabo

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar dala 5 a hannun ƴan canji ya ga fuskar wani ramammen mutum mai gemu, ba gashin baki. Wannan shi ne Abraham Lincoln, shugaban ƙasar Amurka na 16.

Amurkawa suna da wata al'ada ta jera shugabanninsu daga na kirki zuwa na banza. Wani masanin tarihi mai suna Arthur Schlesinger ne ya fara ta a 1948, lokacin da ya tambayi masana 55 ra'ayinsu, Lincoln ya zo na ɗaya. Gidan talabijin na C-SPAN ya maimaita irin wannan tambaya a 2000, da 2009, da 2017, da 2021, kuma duk sau huɗun Lincoln ne a sama. Abin mamaki, wanda ya gabace shi, James Buchanan, shi ke zuwa na ƙarshe, wanda ya gaje shi kuma, Andrew Johnson, shi ke bin Buchanan a ƙasa. Ke nan gwarzon nasu yana zaune tsakanin mutum biyu da suka fi shan zagi.

An haifi Lincoln ranar 12 ga Fabrairu 1809 a jihar Kentucky, cikin wata bukkar katako mai ɗaki ɗaya. Mahaifinsa Thomas manomi ne kuma kafinta. Sun koma Indiana a 1816, bayan shekara 2 mahaifiyarsa Nancy ta rasu yana ɗan shekara 9. Matar da uban ya auro daga baya, Sarah, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ita ce kuma ta riƙa kare shi idan ya ɗauki littafi maimakon gatari. Idan aka haɗa duk zaman da ya yi a makaranta bai wuce shekara ɗaya ba. Sauran iliminsa na littattafan aro ne.

Ga inda labarin ya shafi ƴan kasuwa. Yana ɗan shekara 19 aka ɗauke shi aikin tuƙa kwalekwalen kaya a kogin Mississippi har zuwa New Orleans, ya sake yin tafiyar a 1831. A wancan zamani New Orleans ce babbar kasuwar bayi ta Amurka, inda ake tsayar da mutum a yi cinikinsa kamar dabba. Da ya dawo sai ya zama yaron kanti a wani ƙauye mai suna New Salem a jihar Illinois. Kantin maigidansa ya rushe. Sai shi da wani William Berry suka haɗa hannu suka sayi nasu kantin, amma ba da tsabar kuɗi ba, bashi suka ci. Ƙauyen ƙarami ne, masu kanti sun yi yawa, ciniki bai taka kara ya karya ba. Ana cewa Berry ya fi damuwa da kwalba, shi kuma Lincoln ya fi damuwa da karatu da hira. Ba a daɗe ba jari ya nutse.

Berry ya mutu a 1835, bashin da ya kai kimanin dala 1,100 ya dawo kan Lincoln, kuɗin da ƙaramin ma'aikaci na lokacin zai yi shekaru bai tara ba. A irin waɗannan ƙauyuka na bakin daji, abin da mai bashi ya saba yi shi ne ya ɗaure kayansa cikin dare ya ƙara gaba, ba mai sake jin ɗuriyarsa. Lincoln ya zauna. Ya yi aikin gidan waya, ya koyi awon filaye. Har ta kai kotu ta ƙwace dokinsa da kayan awon aka yi gwanjonsu, wani abokinsa James Short ya saye ya mayar masa. Ya ɗauki shekaru yana biya kaɗan-kaɗan, har da rabon mamacin. Wannan na cikin abin da ya sa aka laƙaba masa sunan mai gaskiya, kuma sunan ya yi masa rana a siyasa fiye da yadda kantin zai yi masa ko da ya ci riba.

Ya faɗi zaɓensa na farko a 1832, ya ci na majalisar dokokin jiha a 1834, ya karanta dokoki shi kaɗai har ya zama lauya a 1836. Ya auri Mary Todd a 1842, suka haifi ƴaƴa maza 4, amma ɗaya ne kawai, Robert, ya kai ga girma. Ya je majalisar wakilai ta ƙasa daga 1847 zuwa 1849, ya dawo gida ya ci gaba da lauyanci, kamar ya gama da siyasa.

Abin da ya dawo da shi ita ce dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankunan yamma. Sai an fahimci kuɗin da ke cikin lamarin kafin a gane zafin rigimar. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, kuma audugar da suke nomawa ta fi rabin duk kayan da Amurka ke sayarwa a waje. Manyan manoman kudu suna jinginar da bayi a banki kamar yadda ake jinginar da gida. Lincoln ya shiga sabuwar jam'iyyar Republican, ya yi muhawara sau 7 da Stephen Douglas a 1858, ya rasa kujerar majalisar dattawa, amma sunansa ya zaga ƙasa. A 1860 ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, saboda abokan hamayya sun rabu gida uku.

Tun kafin a rantsar da shi a Maris 1861, jihohin kudu 7 sun ɓalle. A nan ne Buchanan ya sayo wa kansa baƙin jinin da ke bin sa har yau: ya yarda cewa ɓallewa ta saɓa wa doka, amma ya ce shi ba shi da ikon hana ta, ya naɗe hannu yana jiran wa'adinsa ya cika. Ranar 12 ga Afrilu 1861 ƴan tawaye suka buɗe wuta kan sansanin Fort Sumter, wasu jihohi 4 suka bi su, yaƙin basasa ya ɓarke.

Cikin matakan farko da Lincoln ya ɗauka akwai toshe tashoshin jiragen ruwan kudu. Duk wanda ya taɓa zama da kaya a bakin iyaka lokacin da aka rufe ta ya san ma'anar wannan. Auduga ta taru ba mai saye, gishiri da magani suka yi tashin gwauron zabo, ƴan fasa-ƙwauri suka yi arziki, masaƙun Ingila suka sallami dubban ma'aikata, manoman Masar da Indiya suka sami kasuwar da ba su yi mafarki ba. A zamaninsa ne kuma, a 1861, gwamnatin tarayya ta fara buga koren kuɗin takarda don biyan sojoji, kakan dalar da ake canji yau. Kafin nan bankuna barkatai ne ke buga nasu, ɗan kasuwa sai ya bincika kafin ya san wadda za ta karɓu.

Ranar 1 ga Janairu 1863 ya sa hannu kan sanarwar ƴanta bayi. Masu sukarsa suna da gaskiya idan suka ce sanarwar ta shafi jihohin tawaye ne kawai, ta bar bayin Kentucky, da Maryland, da Missouri, da Delaware yadda suke, don kada waɗannan jihohi su ma su ɓalle. Amma duk inda sojan arewa ya taka bayan wannan rana, bawa ya zama ɗa. Sanarwar ta kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, kimanin 180,000 suka shiga. Cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ratsa Sahara da shi, ya zaga Turkiyya da Rasha, daga ƙarshe ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863.

To, shin Lincoln ba shi da tabo? Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Ya ba soja ikon tsare mutane ba tare da shari'a ba, an kuma rufe wasu jaridu a zamaninsa. A muhawarar 1858 ya faɗa a fili cewa ba ya neman daidaita baƙi da fari a zamantakewa da siyasa. Ya daɗe yana ganin mafita ita ce a kwashe ƴantattun bayi zuwa wata ƙasa, har aka kai mutum wajen 450 wani tsibiri na Haiti a 1863, yunwa da cuta suka far musu, aka dawo da waɗanda suka tsira. A Disamba 1862 an rataye ƴan ƙabilar Dakota 38 a jihar Minnesota da amincewarsa, ko da yake kotun soja mutum 303 ta yanke wa hukuncin kisa, shi ya bi takardun ya rage. A ganina abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ra'ayinsa ya riƙa sauyawa yana matsowa wajen gaskiya. Mutumin da ya yi wancan furuci a 1858 shi ne ya matsa wa majalisa lamba har ta amince, ranar 31 ga Janairu 1865, da gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta a faɗin ƙasar, shi ne kuma ya fito ranar 11 ga Afrilu ya goyi bayan a ba wasu baƙar fata damar jefa ƙuri'a.

Cikin masu sauraren wannan jawabi akwai wani ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan kudu, John Wilkes Booth. Janar Robert Lee ya riga ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu, yaƙin da ya ci rayuka sama da 600,000 ya zo ƙarshe. Daren 14 ga wata, Lincoln yana kallon wasa tare da matarsa a gidan wasan Ford da ke Washington, Booth ya lallaɓo ta baya ya harbe shi a kai. Ya cika da safiyar 15 ga wata yana da shekara 56.

Mulki ya faɗa hannun mataimakinsa Andrew Johnson, wanda shi ma daga talauci ya taso, tela ne tun asali. Ya yafe wa manyan ƴan tawaye, ya sa aka mayar musu da gonakin da aka fara raba wa ƴantattun bayi, ya ƙi sa hannu kan dokokin kare haƙƙinsu. Majalisar wakilai ta tuhume shi a 1868, ya tsira da kujerarsa a majalisar dattawa da ƙuri'a ɗaya tak. Baƙar fatar kudancin Amurka kuwa sai a 1965, shekara 100 bayan mutuwar Lincoln, aka yi dokar da ta tabbatar musu da ƴancin zaɓe.