Seydou Keita: Kafintan da ya zama gwanin ɗaukar hoto

A shekarar 1991 an yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka, inda aka rataye wasu tsofaffin hotuna daga Bamako, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba.

Alhali kuwa mai hotunan yana raye a gidansa, ya yi shekara 14 da yin ritaya. Sunansa Seydou Keita.

An haife shi a Bamako wajejen shekarar 1921, lokacin ana kiran ƙasar Mali da sunan Sudan ta Faransa. Bai yi karatun boko ba. Tun yana yaro ya bi mahaifinsa wurin sana'ar kafinta, kuma da ita aka yi zaton zai rayu.

A shekarar 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da wata ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Yaron ya shiga ɗaukar 'yan gidansu da abokan aikinsa don sha'awa kawai, yana ɓata fim yana sakewa. Wani Bafaranshe mai sayar da kayan hoto a garin, Pierre Garnier, yana cikin waɗanda suka nuna masa hanya. Fiye da shekara goma ya yi yana haɗa zarto da kyamara, kafin a shekarar 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan yari.

Wurin ya dace. Tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Dakar ba ta da nisa, saboda haka baya ga mutanen gari har matafiya sukan ratse a ɗauke su.

A tsakar gida ya fi yin aikinsa, da hasken rana. Kuma saboda tsadar fim, sau ɗaya tak yakan ɗauki mutum. Wannan tsimi, a ganina, shi ne babban malaminsa: wanda ba shi da damar sakewa dole ya tsaya ya gyara zaman mutum, da inda zai ajiye hannu, da yadda zai karkata fuska, kafin ya latsa.

Labulen da ya fara ratayawa a bayan masu ɗaukar hoto zanen gadonsa ne. Daga baya yakan canza labule bayan 'yan shekaru, har ya zama da shi ne yake gane shekarar da ya ɗauki hoto. Ya kuma tanadi kayan aro: kwat da agogon hannu da alƙalami da tabarau da rediyo da babur ƙirar Vespa, har da motarsa. Saurayin da bai mallaki ko keke ba sai ya jingina da mota, a ɗauke shi, ya aika wa dangi a ƙauye. Mata kuwa da nasu suke zuwa, atamfa da ɗaurin kallabi da 'yan kunne da lalle. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon hoton Sallah a bangon ɗakin kakarsa, ko a Gumel ne ko a Maraɗi, ya san irin wannan tsayuwa.

Abin lura shi ne, a zamanin da Turawan mulkin mallaka suke ɗaukar baƙar fata yadda su suka ga dama, masu zuwa wurin Keita da kuɗinsu suke biya, su zaɓi yadda za a gan su.

Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta ɗauke shi aikin hoto a hukumar tsaro a shekarar 1962, ba da jimawa ba ya rufe wurin sana'arsa. Ya yi ritaya a 1977. To sai dai bai zubar da dubban fina-finan da ya ɗauka ba, ya adana su a gida.

Su ne suka dawo masa da sunansa. Bayan baje kolin New York, wani Bafaranshe masanin fasaha, André Magnin, ya tafi Bamako da kwafin hotunan, ya nuna wa mai ɗaukar hoto Malick Sidibé, shi kuma nan take ya gane aikin Keita ne. A 1994 cibiyar Cartier ta baje hotunansa shi kaɗai a Paris. Hotunan da a da ba su wuce tafin hannu da yawa ba aka wanke su manya-manya, ana sayar da su da tsada a Turai da Amurka.

Shaharar ta zo da rigima. Gab da rasuwarsa aka sami saɓani a kan wanda ke da ikon riƙe fina-finan da kuma wanke su, lamarin da ya kai har kotu bayan ba ya nan.

Allah ya yi masa rasuwa a Paris a watan Nuwamba na 2001. A 2016 aka sake baje aikinsa a babban zauren Grand Palais na birnin, da sunansa a bakin ƙofa. Yawancin mutanen da ke cikin hotunan kuwa ba a rubuta sunayensu ba.